Na'urar da Lawal Yake Jira

Lawal ne mai kula da sito a wata masaƙa a Bompai, kuma yana da wata ɗabi'a da leburori suke yi wa dariya. Duk akwatin kayan gyaran inji da ya iso daga ƙasar waje, sai ya warware tsofaffin jaridun da aka naɗe ƙarafan da su, ya goge maiƙon, ya bi su layi-layi. Abu ɗaya yake nema: labarin wata na'ura da likitocin can suke gwadawa, wadda ake dasa wa kurma a kunne ya riƙa jin sauti.

Shekara bakwai ke nan da sanƙarau ya tafi da jin matarsa Zuwaira. Tun daga lokacin gidansu na Hotoro ya yi tsit. Ta ajiye masa tuwo, ya gyaɗa kai, ya ci shi kaɗai yana kallon bango. Kaɗaici na cinsa, amma bai gaya wa kowa ba.

Matan unguwa kam tuni suka koyi maganar hannu, suna zuwa su sha hira da ita har da shewa. Shi kuwa gogan naka ya ƙi koya. A ganinsa, koyon wannan kamar fid da rai ne da warkewarta. Duk takardar da ya samu cewa take ana kan gwaji, hukuma ba ta ba da izini ba tukuna. Sai ya yanke ta, ya rubuta kwanan wata, ya jefa a gwangwanin madara. Maganganun da yake son gaya mata ma ajiye su yake yi sai ranar da za ta ji.

Wata Talata ya ci karo da labarin a jaridar da aka naɗe wani ƙarfen injin saƙa da ita, har ta yi wata huɗu da fitowa. An ba da izini. Ya hau kekensa da tsakar rana, ya iske Zuwaira tana tsince shinkafa tare da maƙwabciyarsu Safiyatu. Ya buɗe baki, sai ya tuna. Dole ya roƙi Safiyatu ta gaya wa matarsa.

Zuwaira ta kalli hannun Safiyatu har ta gama, sannan ta ajiye faifan ta mayar da amsa da hannu, ba ta ko dubi takardar ba.

"Me ta ce?" in ji Lawal.

Safiyatu ta sunkuyar da kai. "Malam Lawal, cewa ta yi shekara bakwai kana jiran kunnenta, alhali idonta na nan kullum yana jiranka."

Lawal ya ɗaga hannayensa biyu, duk maiƙon jarida. Zuwaira ta zuba musu ido tana jira, shi kuwa ko "sannu" bai san yadda ake yi da su ba.