Gyambon Tela

Ranar wata Talata ce, ana yayyafi tun safe, tela ya fito daga ɗakin wankin ciwo na asibiti yana ta murmushi, da 'yar leda a hannu.

Duk Talata da Juma'a shi da mai aski suke zama a benci ɗaya suna jiran layi. Su biyun masu sikila ne, kowa da gyambonsa a idon sawu. Na mai aski shekara shida ke nan, na tela ko ɗaya bai cika ba. Kafin nas ta ɗaure ciwo takan ɗora leda a kai, ta zana bakinsa da biro, don a ga ko yana raguwa.

"Yaya, duba nan," in ji tela. "Saura kamar ƙwayar wake."

Mai aski ya duba. Nasa zanen har yanzu ya kai murfin kofi. Ya ce, "Barka, ƙane." Magani ɗaya, hannu ɗaya ke wanke su. Shi ne ma ya koya wa yaron nan ɗora ƙafa a kan matashi.

Bayan mako uku ciwon tela ya rufe. Ya zo shagon aski da takalmi sau-ciki a ƙafa. Mai aski na tsaye, gwiwarsa ɗaya a kan kujera don ƙafar ta huta. Idonsa ya kasa barin takalmin.

"A'a, ango! Yau ba silifa?"

"Silifa sai ku manya," tela ya yi dariya, ya zauna. "Yaya, shawara na zo nema. An kawo min ɗinkin kayan makaranta, kafin a dawo daga hutu. Nas ta ce in ƙara wata guda kafin in hau keken ɗinki. Kai ka daɗe a harkar nan. Me ka gani?"

Mai aski ya sani sarai. Sau biyu nasa yana rufewa, sau biyu yana gaggawar komawa aiki, fatar ta tsage. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya sake kallon takalmin.

"Su nas ai tsoro ne aikinsu," ya ce, yana kakkaɓe reza. "Ƙafa ta warke. Taka kekenka."

Kwana tara tela ya yi yana taka keke. Ranar Juma'a sai ga shi a ƙofar ɗakin wankin ciwo, ƙanwarsa na riƙe da shi, bandejin ya jiƙe. Nas ta buɗe, ta yi salati, sannan ta leƙo waje.

"Mai aski, wannan ba abokinka ba ne? Abin da ya same ka har sau biyu, ba za ka gaya masa ba?"

Tela ya ɗago kai daga kan gadon. "Sau biyu, yaya?"

Mai aski ya sunkuyar da kai, yana wasa da bakin bandejinsa. Daɗin da ya zaci zai ji bai zo ba.

Abin da aka rasa shi ne wata goma na jinya, da sabuwar fata mai faɗin yatsa uku, da riguna ashirin da biyu da aka kwashe aka kai wa wani tela. Shi kuma mai aski, mutum ɗaya da ya san irin zugin da ƙafarsa take yi ya daina amsa gaisuwarsa.