Muryar Saminu a Bikin Wasu

Ranar da labarin ya iso, Ikilima tana tankaɗen garin tuwo. Maharazu, yayan mijinta, ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Motar da ta ɗauko mijin nata Saminu daga Mashi, inda ya je ɗaukar bidiyon biki, ta yi karo da tirela. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa a Daura.

Ta shiga takaba. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki.

Babbar kwamfutar da Saminu yake aiki da ita tana nan a falo. A cikinta akwai bidiyon ranar sunan 'yarsu Sadiya, ranar da ya kafa kyamara ya zo ya zauna kusa da Ikilima yana tsokanarta. Duk shekarun da ya yi yana ɗaukar mutane, a nan kaɗai shi ya fito.

Wata Laraba Maharazu ya dawo. "Kayan aikin nan sun shiga gado," ya ce. "Wani daga Kano ya saya, jibi zai ɗauka. Goge komai zai yi. In da abin da kike so, ki cire."

"Yaya, a ɗan ƙara min lokaci."

"Mutumin tafiya zai yi, Ikilima. Yi haƙuri."

Ba ta da halin fita kasuwa neman mai gyara, sai ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta katanga. Ogochukwu, mai shagon buga takardu, ta shigo ta duba. Ramukan sa filashi na babbar kwamfutar duk sun ƙone tun wata wuta da aka kawo da ƙarfi. Ta ɗauko ƙaramar kwamfutar Saminu, wadda za a bar wa Sadiya, ta haɗa su ta na'urar wayifai ta gidan.

"Maman Sadiya, wanne za mu kwashe? Ai mijinki ya tara bikin rabin Daura a nan."

Ikilima ta kalli sunayen, duk lambobi da Turanci. Tsoro ya kama ta kada a tsallake nata. "A kwashe duka."

"Duka? Wannan wayifai ɗin naku kamar tsohon jaki yake tafiya fa."

"Duka dai."

Ogochukwu ta danna, ta koma shago.

Wani koren layi mai nuna inda kwashewar ta kai ya fito a fuskar kwamfutar. Ikilima ta shimfiɗa tabarma a gabansa. Ta yi azahar ta dawo, bai motsa ba. Ta ɗora farce a inda ya tsaya, bayan la'asar ya wuce farcen da kaɗan. Aka ɗauke wuta, babbar kwamfutar ta mutu. Da aka dawo da ita Ogochukwu ta sake haɗawa. Ikilima ta daina shiga tsakanin na'urorin, wai kada ta tare musu hanya. Ko fanka ba ta kunnawa, tana zaune tana zufa tana kallon layi.

Ranar Juma'a layin bai kai rabi ba. Maharazu ya jira har aka kusa shiga masallaci, sannan ya zare wayar wuta, bai iya kallonta ba.

Da yamma suka buɗe abin da ya tsallako. Amaren mutane, iyayen mutane, kiɗa da liƙi. Bidiyon sunan Sadiya bai zo ba.

Ogochukwu za ta rufe ke nan Ikilima ta riƙe mata hannu. A wani biki na Sandamu, daga bayan kyamara, wata murya ta ce, "Hajiya, ku ɗan matso nan, haske ya fi kyau." Sai ya yi 'yar dariyarsa.

Har yau ba ta san amaryar ba. Amma kullum in ta idar da sallar walaha, takan buɗe bikin ta ja shi zuwa wajen. In ya ce a matso, sai ta ɗan gyara zama a kan tabarma.