Hannun da Na Saya wa Malam

Abin ya fara ne a shekarar da na yi ritaya daga koyar da kimiyya, shekarar da hannun Malam na dama ya soma rawa.

Malam mijina ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, kuma tun kafin ya aure ni yake da garmahonsa. Kullum bayan la'asar yakan zaro faifai daga kwalinsa, ya hure shi, ya goge da gefen riga, ya ɗora allura. Ni kuwa ina gefe ina duba takardun ɗalibai, ina cewa ya rage ƙara. Wata rana hannun ya kuɓuce masa, allura ta ja layi daga bakin faifan har cibiyarsa, da ƙara irin ta yagewar yadi. Ya lulluɓe garmahon da mayafin tebur, ya koma sauraron labarai a rediyo. Falonmu ya sami shirun da na yi shekaru ina roƙo, sai ga ni na kasa zama a cikinsa.

Na ɗauki garmahon na kai wa mai gyara. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarshen layin masu kayan lantarki, tsofaffin rediyoyi jibge har rufi, ko'ina warin narkakkiyar dalma. Ya ɗaga sandar da ke riƙe da allurar, wadda suke kira hannu.

"Malama, wannan hannun ai na zamanin da ne, da yatsa ake ɗora shi. Na yanzu suna da ɗan maɗagi a gefe. A kai hannun saitin waƙa, a sauke maɗagin, allura ta sauka da kanta a hankali kamar mai shiga ɗakin surukai. Ko mutum na rawar sanyi ba zai karce faifai ba."

Da na karɓi wanda ya fara nuna mini na kama hanya, da babu labari. Amma ya yi kuskure, ya ce suna da iri-iri. Akwai miƙaƙƙe, akwai lanƙwasasshe, akwai mai nauyi da marar nauyi, kuma sai kowanne ya dace da taushin kan allurar da za a ɗaura masa. Malamar da aka raba da allo da alli, aka ce mata akwai lissafi a ciki! Ya sosa mini daidai inda ke mini ƙaiƙayi.

Na auna tazarar gindin hannun zuwa cibiyar faifai. Na zana kusurwoyi a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Na yi ta komawa shagon da sababbin tambayoyi, har ta kai in mai gyaran ya hango ni daga nesa sai ya ɗauki buta, ko da hantsi ne. Daga ƙarshe na zaɓi miƙaƙƙe marar nauyi, ya ɗaura, ya daidaita. Da na iso gida na kwance duk daidaitawarsa na sake tawa, domin ban ga ya yi amfani da sikeli ba. Ni na sayi nawa, ɗan mitsitsi irin na masu zinariya, da madubin ƙara girman abu, da ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa.

Ranar gwaji Malam ya sa wankakkiyar riga. Ya zaro faifai, ya miƙa hannu.

"Tsaya, Malam, bari in gwada tukuna."

Sautin ya fito garau, alhamdulillahi. Muka ji wani ƙaho a can bayan mawaƙin wanda ba mu taɓa sanin yana cikin waƙar ba. Malam ya lumshe ido, ya soma buga tebur da yatsa kamar yadda ya saba, allura ta yi tsalle.

"Malam, tebur!"

"Tuba nake, Shugaba."

Wannan tukunar tawa ta ci damina guda. Dokoki suka yi ta haihuwa: ba a hura faifai da baki, saboda tururin numfashi, ba a goge shi da riga, ba a wucewa ta gaban tebur da takalmi. Kullum bayan la'asar Malam ya zaɓi faifai ya miƙo mini, ni in ɗora, in sunkuya da madubina ina duban allura kamar ungozoma. Har na buga wa autarmu waya ina alfahari.

"Babanki ya dawo da kiɗansa."

"Kai, madalla! Mama, ya saba da maɗagin kuwa? Hannun ba ya ba shi wahala?"

Na yi mata bayani mai tsawo a kan nauyin allura, har ta ce ana kiranta.

Wata Laraba na je asibiti duba wata tsohuwar abokiyar aikina, ban dawo ba sai dab da magariba. Na tarar da falon shiru, sai wani ɗan zuu. Faifai na kan garmaho yana ta juyawa, hannun yana kwance a mazauninsa, Malam na zaune a gabansa, ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyi kamar ɗalibin da ke jiran a raba takarda.

"Malam, tun yaushe kake nan?"

"Tun da na idar da la'asar. Na kunna miki shi ya ɗumama, kin ce yana so."

"To me ya hana ka sauke allurar?"

"Ina ni ina tuƙi, ba lasisi?" Ya yi 'yar dariya, sannan ya dubi hannunsa, yatsun suna ɗan kaɗawa. "Kin san halin wannan. Tsohon hannun, in na ɓata, nawa na ɓata. Wannan kuwa naki ne."

Na tsaya riƙe da jaka, mayafina bai ko sauka ba. Na yi shekara da shekaru ina faɗa wa yara cewa a karanta tambaya kafin a fara lissafi.

"Sa mana, Malam."

"Ni?"

"Akwai wani Malam a ɗakin nan?"

Ya tsayar da faifan, ya cire shi, ya hure shi da baki. Na ce astagfirullah a zuci. Ya goge da gefen riga. Na zauna a kan tafukan hannuwana don kada su ci amanata. Ya mayar da faifan, ya kunna, ya tura hannun garmahon, nasa yana rawa, har ya wuce farkon waƙar, ya lallaɓa maɗagin. Allura ta sauka a hankali, a tsakiyar baiti. Ya lumshe ido, ya buga tebur, ta yi tsalle ta faɗa wani baitin.

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Shugaba, ba za ki zo ki gyara ba?"

"A'a," na ce. "Daga yau ba na ƙara taɓa shi."