Takalman Bonane

Hureira na shara tsintsiyarta ta ci karo da takalman Alhaji a ƙarƙashin gado. Farare ƙal, 'yan Kamaru, sau ɗaya tak aka taɓa sa su. Ta jawo su ta kai tsakar gida ta dire a gaban mijinta, Alhaji Abdulgani, wanda ya kafa kunne a rediyo yana bin labarin sojojin da suka yi bore.

"Alhaji, yau kwana goma sha ɗaya da bonane."

"Na san lissafi."

Ita ma ta sani, shi ya sa ranta ke ɓace. Wata biyu da suka wuce likita ya duba yatsun ƙafarsa da suka fara mutuwa, ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: suga ya yi yawa, ko ya riƙa tafiyar rabin awa kullum, ko ƙafar ta bi ta yayansa Alhasan, wadda aka yanke bara. Rabin awa kawai. Amma Alhaji mutum ne da ba ya iya ƙaramin abu. Ranar bonane, wato sabuwar shekara, ya tara gidan kaf, ya yi shelar cewa daga yau kullum zai taka daga yankinsu na Kilomita Biyar har bakin kogi ya dawo, kilomita goma cif. Washegari ya fita da sababbin takalma yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Taksi ce ta dawo da shi, ya kwana uku ana gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Kafin ya miƙe sojoji sun datse hanyar cikin gari, shi kuwa ya samu abin da yake nema.

"Hanya ba lafiya," in ji shi. "So kike in je su ɗirka mini harsashi saboda motsa jiki?"

"Wa ya ce sai kogi? Ka zaga unguwa mana."

"Zagayen unguwa? Kamar mai tallar goro? Ni kilomita goma na ce. In ba goma ba, gara in jira."

Ta dube shi, ta dubi ƙafar da ya miƙe a tabarma. Shekara ashirin da shida ke nan tana jin alkawuran bonane. Ya taɓa cewa zai haddace Alƙur'ani kafin azumi, ya taɓa cewa ya bar shayi har abada. Waɗancan dariya ta yi ta wuce. Wannan kuwa ƙafa ce.

Maƙwabcinsu Uwaisu ya yi hon a ƙofa, Alhaji ya haye bayan babur ɗinsa kamar kullum, suka nufi shagon atamfarsa a kasuwa.

Da rana ta tuƙa gozo, tuwon rogon da ba ya iya wuni bai ci ba, ta yi miyar ganye da busasshen kifi. Ta zuba a kwano ta ɗaure da ɗankwali, yadda ta saba ɗauka da kanta daga unguwarsu Yakite ta kai masa shago. Har ta yafa mayafi. Sai ta tsaya a zaure, ta koma ta ajiye kwanon a gindin murhu ta zauna.

Azahar ta wuce. Can nesa, wajen kogi, aka yi harbi sau biyu aka daina. Ƙarfe biyu da kwata sai ga shi ya faɗo gidan da silifas, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Maman Luƙman, lafiya? Ina abincina?"

"Ga shi nan da zafinsa."

"To me ya hana a kawo?"

"Hanya ba lafiya, Alhaji. Kai ka faɗa da safe."

Ya zauna a tabarma yana share gumi. Uwaisu ba ya tashi daga shago sai magariba, taksi kuwa babu mai a gari.

"Tun ƙarfe biyu saura na baro kasuwa a ƙasa," ya ce yana huci. "Minti goma sha bakwai cikin wannan rana. Gobe ma haka za ki yi mini?"

"Har sai ƙura ta lafa."

Ya wanke hannu yana mita, ya kai loma, ya nuna takalman da ke tsakar gida da haɓa.

"Ki adana mini su. Ranar da sojojin nan suka koma bariki, ranar zan fara tafiyata. Za ki sha mamaki."

"Allah Ya kai mu."

Sha bakwai zuwa, sha bakwai komawa. Hureira ta lissafa a ranta: har an haura rabin awar likita. Ta ƙara masa miya, ta ɗauki takalman ta kai ɗaki, ta sa tsintsiya ta tura su can ƙuryar ƙarƙashin gado.