Gidan Sauron Anisur

Daminar bana a garinmu Barisal na ƙasar Bangladesh, duk wanda jikinsa ya yi zafi to dengi ce, zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa. Ko kanka ka ce yana ciwo, kafin ka rufe baki mai shayi ya gama yi maka gwaji. Don haka da ɗana Anisur ya dawo daga tashar jirgin ruwa yana kyarma, ban yi wata-wata ba, na tare riksha, keken haya, sai asibiti.

Asibitin ya cika har baranda, har ƙarƙashin bene. Aka ɗebi jininsa, likita ya ce sakamakon bai fito fili ba, amma alamu duk na dengi ne. Aka ba mu katifa a ƙasa, aka ɗaura masa gidan sauro, aka sa masa ƙarin ruwa. Kowane majinyaci da nasa gidan sauron, don kada sauro ya cije shi ya kai wa wani. Na ce to, wannan kam na gane.

Abin da ban gane ba tarin ne. Anisur na tari har yana riƙe ƙirji, hancinsa na zuba, idanunsa sun yi ja wur.

"Sista, wannan tarin fa?"

"Inna, mura ce ta haɗu da dengi. Matsa in wuce."

Ban ga laifinta ba, ita kaɗai ce a kan mutum kusan sittin. Matar da ke jinyar mijinta a katifar gefenmu, Monowara, ta ce in daka ganyen gwanda in ba shi ruwan. Wani dattijo ya ce ruwan kwakwa. Na ba shi duka biyun, ya amayar da duka biyun.

Surukata Shefali ita ke kawo abinci, shinkafa da miyar waken dal a cikin kwanon jere. Mata ba ta barin mijinta a kwance ta zauna a gida, me mutane za su ce? Kuma tana shayarwa, dole ta zo da Tuli, jikata, wadda ko zama ba ta fara ba. Ranar farko ta shimfiɗa ta a kan zane kusa da ni. Monowara ta daka mana tsawa.

"Ku kuwa kuna da hankali? Sauron nan duk jinin masu dengi ya sha! Ku sa yarinya a cikin gidan sauro mana!"

Sista da ke wucewa ta ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne. Wa zai ce ba gaskiya ba ne? Muka ɗaga gefen gidan sauron, muka kwantar da Tuli a jikin babanta, muka soke gefen da kyau ƙarƙashin katifa. Haka kullum, daga hantsi har la'asar. Shi yana tari, ita tana kama yatsansa tana dariya. Har daɗi nake ji, wallahi. Ko sauro ɗaya bai taɓa ta ba.

Sai ƙuraje suka feso masa daga bayan kunne, suka sauko fuska, suka bi ƙirji. Ƙaramin likita ya leƙa ta cikin ragar ya ce dengi na yin haka. Wani likitan ya zo washegari ya ce wataƙila magani ne bai karɓe shi ba, a canza. Aka canza. Aka sake ɗibar jini, aka ce babu dengi. Na ce alhamdulillahi, mu tafi gida ke nan? Aka ce a'a, wani lokaci gwajin ba ya nunawa. To in ya nuna dengi ce, in bai nuna ba ma dengi ce, ɗibar jinin na mene ne?

Wata likitar yara ce ta hau bene neman wani, ta ji tarin, ta tsaya. Ta ɗaga gidan sauron, ta duba bayan kunnensa, ta sa ya buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan Tuli.

"'Yar wa ce wannan?"

"Tasa ce, likita," in ji Shefali.

"Tun yaushe take a ciki?"

"Kullum muna sa ta. Saboda sauro."

Ta ja gyalenta ta rufe hanci. "Fito da ita. Yanzu! Ƙyanda ce a jikin mutumin nan."

Na ce, "Haba likita, ƙato da gemu? Ƙyanda ai ta yara ce."

"Babba ma na yi, Inna. Kuma a numfashi take tafiya. An yi wa yarinyar rigakafi?"

Shefali ta ce an ce sai ta cika wata tara.

Nan ɗaki ya rikice. Aka kwashe Anisur zuwa wani ɗaki a can baya, aka raba wa mutane takunkumi, Monowara ta ja katifar mijinta tana zaginmu, wai mun kawo musu annoba. Ita fa, wadda ta ce mu sa yarinya a ciki! Na bi likitar har bakin bene ina tambaya ko akwai allura, ko akwai wani abu. Ta ce lokacin da allura za ta yi amfani ya wuce. Mu kai ta gida, mu sa ido, in ƙyandar za ta fito mata sai bayan mako guda ko fiye.

Anisur ya warke, fatarsa na saɓulewa kamar ta dafaffen dankali. Ya dawo gida bai yarda ya ɗauki 'yarsa ba, daga bakin ƙofa yake kallonta. Ni kuwa tsoro ya hana ni sakat. Na rataya ganyen dalbejiya a ƙofa, na cire, na sake ratayawa. In ta yi barci da yawa in tashe ta, in ta ƙi barci in ce shi ke nan.

Ran Juma'a da rana ina tsince shinkafa, Shefali ta fito daga ɗaki da ita a kafaɗa.

"Inna, ta ƙi kama nono. Taɓa ki ji."

Na taɓa. Zafi rau. Hancinta na zuba, idanunta sun fara ja.

"Haƙori ne," na ce. "Haka babanta ya yi."

Shefali ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ranar ta dube ni.

"Inna, ki kalle ni ki sake faɗa."

Na kasa.