Siminti a Dandamali

Mai Inji bai taɓa hawa dandamali da takalmi ba. Duk wanda ya san ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwar ya san haka: zai tsaya a bakin labule, ya tuɓe takalmansa ya jera su, sannan ya fita gaban jama'a ya ɗaga murya. Wasu suka ce ladabi ne, wasu suka ce iyayi ne. A da can ɗabi'a ce kawai. Daga baya ta zama abin da ke rufa masa asiri.

Tun yana saurayi yake aikin injin niƙa, tun yana saurayi kuma yake waƙa a wasa. Da safe gari ya rufe masa gira, da yamma ya wanke ya tafi gwaji. An haifi 'ya'yansa yana wasa, sun girma sun bar gida yana wasa, ba a taɓa biyansa ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Injin ya ciyar da gidansa, amma ya cinye masa kunne kaɗan-kaɗan, har ya zama sai ya dubi bakin mutum yake sanin abin da ya faɗa. A wurin niƙa kowa ihu yake yi, babu wanda ya lura. A gida matarsa ta sani, ya kuwa hana ta faɗa.

A dandamali ƙafa ce ta tsaya masa. Dandamalin na katako ne, tsoho. Idan Wanzami, makaɗin ƙungiyar, ya bugi ganga yana taka diddige, sai bugun ya bi katako ya shiga tafin ƙafar Mai Inji. Da haka yake sanin inda zai shiga da inda zai tsaya.

Sai gara ta ci katakon. Masu zauren suka ɓalle shi, suka zuba siminti, suka shafe sumul. Ranar da aka koma gwaji kowa sai murna.

"Yanzu ko babbar mota aka ɗora nan ba abin da zai same shi," in ji Makanike, yana dira da ƙarfi. Magidanci ne mai murya, ya daɗe cikin 'yan amshi yana jiran ranarsa. Aibinsa ɗaya, gaggawa: kullum yana gaban ganga.

Malama, mai koyarwa a makarantar unguwar, ita ke tsara wasan. Ta tafa hannu. "Baba, bismillah. Waƙar mai kwalekwale."

Ita ce babbar waƙar sabon wasan: tsoho a bakin ruwa yana kiran ɗansa da bai dawo ba. Shi kaɗai zai yi ta, babu amshi, fuskarsa ga jama'a, makaɗi a bayansa. Mai Inji ya tuɓe takalmi ya hau. Sanyin siminti ya ji, ban da shi babu komai. Ya murza yatsun ƙafa, ya gyara tsayuwa. Shiru. Ya saci kallon hannun Wanzami, ya shiga a makare. Ya hanzarta don ya kamo, ya wuce. Aka tsaya aka sake. Aka kuma sakewa. A ƙarshe ganga ta yi shiru shi bai sani ba, ya ci gaba da kiran ɗansa shi kaɗai, har sai da ya ga kafaɗun 'yan amshi suna rawa don dariyar da suke dannewa.

Malama ta jawo shi gefe. "Baba, ko ba ka jin daɗi ne?"

"Ƙalau nake."

"To gwajin ƙarshe ran Asabar ne. In waƙar ba ta zauna ba, dole in ba Makanike. Wallahi ba raini ba ne."

A gida ya ture kwanon abinci. Matarsa ta zauna inda zai ga bakinta, kamar yadda ta saba.

"Ka gaya musu mana, Malam. Kurumta sata ce?"

"A ce mawaƙi kurma ne? Gobe su kafa mini kujera a bakin ƙofa, in riƙa nuna wa mutane wurin zama."

"Ai zama ma aiki ne a shekarunka."

"Ke ba ki san komai ba a kan wannan."

"Ni? Ni da na ɗinka maka rigar sarki, da ta ɓarawo, da ta mahaukaci?" Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, ta dube shi, ta haɗiye. Ta ɗauke kwanon.

Kashegari ya je aski. Wanzami ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya tsaya a bayansa, ya ɗaga masa haɓa har idanunsu suka haɗu a madubi.

"Dubi bakina, tsohon banza," in ji Wanzami. "Na daɗe ina zaginka ta bayan ƙeya, har da kakanninka, ba ka taɓa ramawa ba. Kai da ba a gaya maka ɗaya ka bari."

Wanzami ya ɗauko aska, ya ci gaba da magana.

"Kana tsammani don nishaɗi nake dukan katako da diddige kamar jaki? Ƙafar nan har kumbura take."

"Da ka sani, me ya hana ka faɗa?"

"Kai me ya hana ka?" Wanzami ya ci gaba da aski. "Akwai ragowar tsohon katakon a bayan zaure, dogo guda wanda gara ba ta gama da shi ba. Mu ɗora shi kan bulo, bakinsa ɗaya a ƙafata, ɗaya a taka. Sai dai za su tambaya. Ni kuwa ba zan yi maka ƙarya ba."

Mai Inji ya daɗe yana kallon furfurarsa tana zuba kan ƙyallen. "Ɗauko shi," ya ce.

Ran Asabar tsofaffin biyu suka shigo zaure da katako a kafaɗa, suna nishi. Suka shimfiɗa shi a kan sabon simintin.

"A'a, Baba," in ji Makanike, "an yi mana sabon daɓe, kun dawo mana da bola?"

Aka yi dariya. Mai Inji bai jira Wanzami ba. Ya juyo ya fuskance su.

"Ba na ji," ya ce. "Inji ya cinye kunnuwan, ya daɗe. Da ƙafa nake jin ganga. Wanda zai yi dariya ya yi ta a gabana, don in gani."

Babu wanda ya yi. Makanike ya sunkuyar da kai. Malama ta ce a hankali, tana buɗe baki sosai, "Bismillah, Baba."

Ya hau katakon. Wanzami ya taka, bugun ya taso ta tafin ƙafa har gwiwa, kamar gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba. Ya shiga daidai. Ya ja inda ake ja, ya yanke inda ake yankewa, ya kira ɗan da ruwa ya tafi da shi har jijiyar wuyansa ta miƙe. Diddige ya tsaya, shi ma ya tsaya, ko numfashi bai ƙaru ba.

Sannan ya dubi fuskoki. Mutumin da ya daɗe yana ji da ido ba a ɓoye masa fuska. Ya ga ana tafi, amma irin tafin da ake yi wa yaro ne in ya faɗi ya tashi. Malama tana kallon ƙasa. Wata cikin 'yan amshi ta kau da kai.

Ya sauka ya je gaban Wanzami. "Kai za ka gaya mini. Ya aka yi?"

"Kiɗa ka kama shi, ba ka sake shi ba."

"Ban tambaye ka kiɗa ba."

Wanzami ya ajiye makaɗi a kan ganga. "Muryar ce, aboki. Tana gocewa, ta hau inda ba a ce ta hau ba. Tun bara. 'Yan amshi ne ke rufe maka. Wannan waƙar kuwa babu amshi."

"Babu katakon da zai gyara wannan?"

"Babu."

Mai Inji ya tuna da maganar da matarsa ta haɗiye. Ashe kowa ya riga shi sani, suka bar shi yana fita gaban jama'a, suna kiran abin tausayi. Ya dubi ƙofa. Ya dubi takalmansa a bakin labule. Ya je ya sa su, ya ɗaure igiya.

"Baba, ka tsaya mana," in ji Malama, ta sha gabansa. "Akwai wani wuri a wasan da babu waƙa, ko..."

"Ban ce zan tafi ba."

Ya jawo benci ya zauna kusa da Wanzami, ya ɗora ƙafarsa mai takalmi a bakin katakon. Ya nuna Makanike da haɓa.

"Kai, mai gaggawa. Murya kana da ita, amma in ka ruga da waƙar nan kamar mota ba birki, ka kashe ta. Hau nan."

Makanike ya matso, ya sa ƙafa.

"Da takalmi? Tuɓe."

Ya tuɓe ya hau. Wanzami ya ɗauki makaɗi, tsofaffin biyu suka taka tare. Mai Inji ya ga kafaɗun Makanike sun buɗe, ya ga numfashi ya shiga, ya san an fara kiran ɗan mai kwalekwale. Bai ɗaga kai ya dubi fuskokin jama'a ba. Ya kafa ido a kan katako, ya ci gaba da takawa.