Wanda Ya Kashe Kifin Doña Eufrosina

Shekara uku a jere kifin Doña Eufrosina na mutuwa idan damina ta kankama, kuma shekara uku a jere duk ƙauyenmu na cewa Don Crisóforo ne. Har da ni cikin masu faɗa. Gonar masararsa ce ke bisa tafkin kifin, ba abin da ya raba su sai shingen waya. Da masara ta kai gwiwa kowa sai ya goya tankin feshi saboda tsutsar da ke cin zuciyarta. In aka yi ruwa mai ƙarfi bayan haka, washegari sai matar ta tarar da kifayenta karfasa sun juyo fararen cikinsu sama.

Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta dai sa masa suna Mai Guba, kuma ba ta kiransa a ɓoye.

"Mai Guba, an tashi lafiya? Yau wa za a kashe?"

"Lafiya lau, Doña. Kifinki ne dai ba su iya ruwa ba."

Haka suke gaisawa a ƙofar coci kowace Lahadi. Mutane na dariya, amma ni da Crisóforo ya riƙe mini ɗana na fari a wurin baftisma, har muke kiran juna compadre saboda haka, na san abin na cinsa.

Sunana Abundio. Gonata tana can sama da tasa, ta gefen yamma, bayan hanyar amalanke. Daga cikinta ko tafkin ba a hangowa.

A watan Afrilu 'yar ƙanwata Nereida ta zo hutu daga birnin Tuxtla, inda take aikin binciken ƙasar noma. Muna zaune a inuwa muna shan pozol, kunun masara mai sanyi, matata Remedios ta kwashe labarin kifin ta ba ta. Nereida ta ajiye ƙwaryarta.

"Kawu, ai wannan shi ne aikina. Ina gina gona a cikin kwamfuta, in yi mata ruwan sama, in ga inda magani ke bi."

"A cikin kwamfuta? Masarar tana nuna kuwa? A kawo mana mu gasa."

"Ba ta nuna, amma kwamfutar ba ta kare kowa."

Ta ce abu uku take buƙata: irin ƙasar kowace gona da gangarenta, ruwan saman da aka yi, da yanayin masarar ranar da aka yi feshi. Ta fara da abin da ke hannunta, taswirar ƙasa ta yankinmu da bayanan ruwan sama na shekaru talatin daga tashar da ke cikin gari. Ta danna, muka jira. Kwamfutar ta ce maganin da ke isa tafkin bai kai ya kashe ko talibambam ba.

"To shi ke nan," in ji Remedios, "kifin baƙin ciki ya kashe su."

Nereida ta yi dariya, ta ce laifin taswirar ne. Ta ɗauki duk tudunmu a matsayin ƙasa iri ɗaya, alhali ko makaho ya san ba haka ba ne. Sai an tona.

Kwana huɗu muka yi muna tonon. Tana da wani ƙarfe mai murɗa da ake nutsawa a ƙasa a zaro ta, ni nake murɗawa ita tana mutstsuka ƙasar da yatsu, ta jiƙa ta da ruwa, ta mulmula. A wasu wuraren ta kafa zoben ƙarfe, ta zuba ruwa a ciki, ta duba agogo ta ga minti nawa zai ɗauka kafin ƙasa ta shanye. Crisóforo ya biyo mu gonarsa fuska a murtuke.

"Compadre, kai ma ka kawo injiniya ta tabbatar da ni ne?"

"Gaskiya kawai muke nema, compadre."

"To ku tona. In kun ga gawar kifi ku gaishe ta."

Ƙasarsa baƙa ce, mai laushi, karan bara a shimfiɗe a kanta don shi ba ya ƙona gona. Ruwan zoben ya ɓace kafin mu gama gardama. Nereida ta tambaye shi ranar da yake feshi. Ya ce ba ya yi sai ya ga sama ta washe, don ba shi da maganin wasa.

Muka je tawa don cike aiki kawai, ni dai haka na ɗauka. Ƙarfen ya shiga kamu ɗaya, ya tsaya cik. Na danna da ƙirji, ya ƙi. Jan yumɓu ne a ƙasa, ya daskare kamar daɓe, saboda shanun da nake saki su ci kara duk rani, in ƙone saura. Ruwan zoben kuwa ya zauna yana kallonmu. Har muka ci tortilla, wato gurasar masara, da wake a gindin bishiya muka dawo, yana nan.

"Kawu, kai yaushe kake feshi?"

"Da na ga hadari. Magani ya fi shiga in ƙasa ta jiƙa."

"Wa ya ce maka?"

"Haka babana yake yi da taki."

Ta rubuta. Daga nan ta bi hanyar amalanken da ƙafa, tana auna gangare da wayarta, ni ina bayanta. Sawun ƙafafun amalanke ya zama kwari biyu masu zurfi. Muka bi su, suka zagaye gonar Crisóforo ta gefe, suka gangara, suka ƙare a wani ɗan lungu mai ciyawa, taku goma daga bakin tafkin. Shekara arba'in ina bin hanyar nan, ban taɓa tambayar kaina inda ruwanta ke zuwa ba, don in ana ruwa ina gida.

Ruwan saman ma sai da ta gyara. Na cikin gari bai kai namu ba, mu da muke jingine da dutse. Malamar makarantarmu ta firamare tana da kwalbar auna ruwa a tsakar makaranta, 'yan ajinta suna rubutawa kullum tun shekara shida. Nereida ta ɗauki hoton kowane shafi.

Ranar Asabar da hantsi ta kira ni kan teburin kicin. A fuskar kwamfutar ga tudunmu, gona-gona, kowace da launinta, gwargwadon maganin da ruwa ke kwasowa daga cikinta. Ta saka masara mai tsawon gwiwa, ganyenta bai rufe ƙasa ba tukuna. Ta saka feshi, ta saki ruwan ranar sha ɗaya ga Yulin bara. Gonar Crisóforo ta ɗan yi ruwan ɗorawa. Tawa ta yi ja wur, jan ya zubo ya bi hanyar amalanke kamar an yanka sa.

"Sake," na ce.

Ta sake da ruwan wata shekarar. Haka. Ta sake da ta uku. Haka.

"Ba zan rantse ba, Kawu. Lissafi ne, yana iya kuskure da kaɗan. Amma tazarar da ke tsakanin gonarka da tasa ta fi ƙarfin kuskure."

Remedios tana murza ƙullun masara, ko juyowa ba ta yi ba. "Allah Sarki Crisóforo," ta ce. "Shekara uku yana ɗauke da laifin wani."

Na fita tsakar gida na daɗe ina kallon kaji. Nereida ba za ta faɗa wa kowa ba in na roƙe ta, na san wannan. Amma na tuna har da bakina a cikin masu dariya a ƙofar coci.

Lahadi bayan an fito, kafin Doña Eufrosina ta buɗe baki, na cire hulata na tsaya tsakaninta da Crisóforo.

"Doña, ki sauke wa mutumin nan suna. Nawa ne."

Na faɗi komai, da yumɓun da hanyar da hadarin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, Abundio? Kai da kake zuwa yi mini jaje har ka ci soyayyar ayabata?"

"Ni ne, Doña."

Crisóforo kuwa dariya ta kama shi har sai da ya dafa bango. "Compadre! Ashe kai ne Mai Guba, ni ɗan riƙon ƙwarya!"

Doña Eufrosina ta juya gare shi. Na ɗauka haƙuri za ta ba shi. "Kai kuma rufe baki," ta ce. "Fuskarka ce ta yi kama da ta mai laifi."

Da yamma duka mu huɗu muka zauna gaban kwamfutar, Nereida tana gwada mana dabaru. In na bar kara a gona, jan ya ragu. In na jira kwana biyu na rana kafin feshi, ya ƙara raguwa. Da ta saka layi biyu na ciyawar jema a ƙasan gonar, da ɗan rami da zai kautar da ruwan hanya zuwa cikin daji, sai kusan komai ya koma kore. Crisóforo ya ce a saka masa masara mai zangarniya uku ya gani. Doña Eufrosina ta ce a fara saka masa hankali.

Jemar daga wani ƙauye na gaba muka samo ta, buhu shida. Da ruwa ya sauka a watan Mayu muka dasa. Crisóforo ya zo taya ni ba tare da na roƙa ba, muka wuni yana cewa layina ya karkace. Shanu na mayar da su makiyayar surukina. Ban ƙona ko kara ɗaya ba, duk da hannuna ya yi ta ƙaiƙayi.

A watan Yuli aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana uku bayan na yi feshi. Da ya ɗauke na sa takalman roba na gangara. Ruwan da ke fita ta ƙarƙashin jemar bai yi jan da na gani a hanya ba. A bakin tafki na tarar da Doña Eufrosina tana watsa dusa, kifaye na ta wawaso a saman ruwa.

Ta ce in tsaya in riƙe mata bokiti tunda na zo. Na riƙe. Muna tsaye wayata ta yi ƙara, Nereida ce, tana son in auna mata tsawon masarar yau, daga ƙasa zuwa ganyen ƙarshe, guda goma, kuma kar in zaɓi manyan kawai. Na ce mata sai na gama aikin da aka sa ni.